Lakar Masaƙa

Da sunan Allah wanda ya saukar da ruwa tsarkakakke, sa'an nan ya halicci abin da zai wanke shi idan 'yan Adam sun ɓata shi.

A bayan wata masaƙa, can inda kwalta take ƙarewa tsakuwa ta karɓa, akwai tankuna uku na siminti a jere, da wata siririyar gadar ƙarfe da ta ratsa samansu. Duk ruwan da aka yi rini da wankin yadi da shi nan yake gangarowa, yau shuɗi, gobe ja, da ɗuminsa da kumfarsa. A tanki na farko yake hucewa. A na biyu yake haɗuwa da wata laka mai launin ƙasa, wadda injuna biyu suke hura wa iska kullum, har ka ga tana ɓulɓula kamar tukunya a kan wuta. A na uku lakar take kwanciya, ruwa ya taso garau a samanta, ya bi ta cikin yashi, ya koma ɗakin wanki a sake aiki da shi. Hukumar ruwa ta daɗe da gindaya wa masaƙar sharaɗi: ba za ta ja ruwan kogi ba sai gwargwadon abin da ya ƙafe, ba kuma za ta zubar da ko bokiti ɗaya na rini a cikinsa ba. Saboda haka idan tankunan nan suka tsaya, masaƙa ta tsaya, mutum ɗari huɗu su zauna a gida.

Lakar nan ba irin ta bakin rafi ba ce. Taro ne na ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani, abincinsu kuwa shi ne dattin da ke cikin ruwa. Ba su san masaƙa ba, ba su san hukuma ba. Cikinsu kawai suke yi wa hidima, Mai hikima kuwa ya ɓoye tsarkin ruwan a cikin wannan hidimar tasu.

Wanda yake kula da su wani dattijo ne da kowa ke kira Mai Kwalba. Shekararsa ashirin da bakwai a kan gadar nan. Kowace safiya yakan zura moɗa mai dogon mariƙi ya ɗebo lakar, ya zuba a wata doguwar kwalba mai zane-zanen awo, ya ajiye ta a kan bango, ya zauna yana jan carbi har rabin sa'a ta cika. Idan lakar ta kwanta a zane na uku, ruwan da ke samanta ya yi garau har ana ganin yatsa ta bayansa, ƙanshinta kuma ya yi kama da na ƙasa bayan ruwan farko, sai ya yi hamdala ya rubuta a littafin aiki. Mutum ne mai kiyaye salla da amana, ba shi da yawan magana. Aibinsa guda ne, shi ma bai san aibi ba ne: a duk shekarun nan lakarsa ba ta taɓa mutuwa ba, kuma yana son a san haka.

Wanda ya fi kowa shan wannan labari shi ne Dogo, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, wanda yake riƙe da tankunan babbar matatar ruwan birni. Can su biyun suka fara aiki suna samari. Sun tarar da tsofaffin da suka ga zamanin da ƙazantar birni take bin kwata a buɗe har kogi, annoba tana ɗibar mutane duk damina. Su da kansu sun ga tafkunan da aka fara haƙawa domin ruwan ya kwanta, sun yi aiki a kan gadajen duwatsu waɗanda wani dogon bututu yake juyawa a kansu yana yayyafi, suna nan kuma aka kawo tankunan iska. Daga waɗannan tankuna na birni Mai Kwalba ya ɗebo motar tanka guda ta laka ranar da aka buɗe na masaƙa, ya yi ta lallashinta wata biyu har ta saba da rini. Tun daga nan lakar birni ta mutu sau biyu, tasa kuwa ko sau ɗaya. Duk taron dangi sai ya tuna wa Dogo.

Wata shekara aka yanke shawarar rufe masaƙa kwana ashirin da ɗaya domin a sauya tukunyar tururi. Mai Kwalba ya tafi ofishin manaja, ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba a buƙaci haka ba.

"Ranka ya daɗe, an rufe wa mutane, to su kuma fa? Me za su ci?"

Manaja ya ɗago kai daga takardu. "Su wa, Baba?"

"Na cikin tanki. In ba rini ba wanki, ba datti ke nan. In ba datti, yunwa za ta kashe su. In suka mutu kuwa, tayar da sabuwar laka daga babu sai an yi mako shida."

Manaja ya yi dariya, amma da ya ji mako shida sai dariyar ta tsaya. Kashegari mota ta sauke duro goma sha biyu na wani baƙin ruwan sukari mai kauri, irin wanda ya lalace wa masu yin alewa. Aka tsayar da rabin duro kowace rana. Aka kuma kashe inji ɗaya daga cikin biyun da ke hura iska, saboda masu gyara sun rage wutar masaƙa.

A ƙaramin ɗakin da ke gindin gadar akwai wata ma'aikaciya mai gwajin ruwa, shekararta uku a wurin. Ita take duba ɗigon lakar a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta faɗa masa waɗanne halittu suka yawaita, waɗanne suka ragu. Yana sauraronta da ladabi, amma bai taɓa barin ta taɓa moɗarsa ba. Ma'aikata suna ce mata Likita, shi kuwa 'yata yake ce mata.

Kwana takwas ya yi yana ciyar da lakar da hannunsa. Ranar ta tara, da hantsi, aka yi masa waya cewa mijin yayarsa ya rasu a wani gari mai nisan wuni guda. Ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a, sa'an nan ya tsaya yana kallon durorin nan.

Likita ta ce, "Allah ya jiƙansa, Baba. Ka tafi kawai, ni zan riƙa zubawa. Rabin duro ne ai, ba karatu ba ne."

"A'a, 'yata. Duron nan ya fi ƙarfinki."

"Maigadi zai mirgino min."

"Maigadi ya san ƙofa, bai san laka ba."

"To ni fa? Ni da nake ganinsu ido da ido kullum, kai kuwa sai dai ka shanshana?"

Ya yi murmushi. Abin da ke ransa shi ne, wanda zai yi tafiya yakan tara wa dabbobinsa harawar kwanakin da zai yi, su ci a hankali har ya dawo. Bai taɓa barin lakar kwana huɗu babu datti mai shigowa ba, don haka bai taɓa gwada wannan ƙiyasi a kanta ba. Da Likita ta shiga kai sakamakon gwaji ofis, sai ya mirgino duro biyu, abincin kwana huɗu, ya juye su a tanki. Ya tsaya jim kaɗan, tausayi ya kama shi, ya ƙara na uku don kada su ji yunwa in tafiyar ta ja. Ya rubuta a littafi cewa an ciyar, bai rubuta nawa ba. Ya ce wa maigadi ya faɗa wa Likita kada ta wahalar da kanta, an gama komai.

Ranar da ya dawo, tun daga ƙarshen kwalta hancinsa ya ba shi labari. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya hau gada. Lakar da ya bari da launin ƙasa ta koma baƙa wuluk, wata farar kumfa mai yauƙi ta rufe kusurwoyin tanki. Bai fasa al'adarsa ba: ya zura moɗa, ya cika kwalba, ya ajiye a bango, ya zauna. Rabin sa'a ta cika, babu abin da ya kwanta. Daga gindin kwalbar har bakinta baƙi ne.

Likita ta fito ta tsaya a gefensa, ta yi masa gaisuwar rashi, ya amsa.

Ta ce, "Tun kwana na biyu ta fara juyawa. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga. Na roƙi masu gyara su tayar da inji na biyu, sai jiya suka yarda. Baba, duro nawa ka zuba?"

"Uku."

"Inna lillahi. Abinci ya yi musu yawa, suka hayayyafa a wuni guda, suka shanye iskar da inji ɗaya yake bayarwa, suka shaƙe. Na duba ɗigo ashirin yau da safe, ban ga mai motsi ba."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. Halittun da ya ji wa tsoron yunwa, ƙoshi ne ya kashe su. Ubangiji ya sanya wa kowane abu gwargwado, har alheri, kuma wanda ya ƙetare gwargwadon ba a tambayarsa niyyarsa kafin sakamako ya sauka. Saura kwana takwas a buɗe masaƙa.

Ya koma gida da azahar, abin da bai saba ba. Matarsa tana shanya a tsakar gida, ta dube shi, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, wannan kuma daga ina? Ko cikin tankin ka faɗa?"

Ya zauna a kan tabarma ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta gama matse rigar da ke hannunta kafin ta yi magana.

"Shekara nawa ina ce maka ka fi tattalin lakar nan a kan 'ya'yanka? Su ai ba ka taɓa ɗura musu abincin kwana huɗu a zama ɗaya ba. To yanzu ina ake samun wata?"

"Wuri ɗaya ne a garin nan."

Ta gane. Ta juya baya tana gyara igiyar shanya, kafaɗunta suna rawa.

"Dariya kike yi, uwar yara?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Tausayin Dogo nake ji, kada daɗi ya kashe shi. Tashi ka sauya kaya ka tafi. Mutum ɗari huɗu ba za su zauna a gida saboda gemunka ba."

Matatar birni tana can ƙasan gari, inda manyan bututu suke haɗuwa. Ya wuce tsofaffin gadajen duwatsu da aka daina amfani da su, ciyawa ta cinye su, bututun yayyafinsu ya yi tsatsa a inda ya tsaya tun shekarun baya. Ya sami Dogo a kan tasa gadar, riƙe da tasa kwalbar, ya ɗaga ta sama yana duban haske ta cikinta.

"A'a! Bawana ne yau a gidan talakawa? Me ya fito da sarkin laka da rana tsaka?"

"Dogo, ta mutu."

"Wa? Yaya? Ba mijinta ne ya rasu ba?"

"Lakata."

Dogo ya sauke kwalbar a hankali. Ya kira ma'aikatansa biyu da ke kwashe shara a bakin ragar tace ruwa, ya ce su matso su zama shaida.

"Sake faɗa, kunnena na dama ba ya ji sosai."

"Lakata ta mutu, da hannuna na kashe ta. Na zo roƙon iri."

"Shekara ashirin da bakwai ina jiran maganar nan, ga shi ta zo ba a yi min shimfiɗa ba. Rini ne ya kashe ta? Wuta aka ɗauke?"

"Sukari na ba ta, duro uku a rana ɗaya."

Dogo ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙarfen gada. Mai Kwalba ya tsaya ya bar shi ya gama, domin ya san bashin baki ne na shekaru, kuma shi ya fara. Da dariyar ta lafa, Dogo ya share hawaye, fuskarsa ta koma ta ma'aikaci.

"Tanka nawa tankinka zai ɗauka?"

"Shida."

"Zan ba ka takwas. Kullum muna zubar da rarar da ta fi haka. Amma ka sani, tawa lakar gidaje ta sani, ruwan wanka da na wanke-wanke da na bayan gida. Ba ta san rini ba. Ka sakar mata ruwan masaƙa gaba ɗaya, sai ka dawo nan ranar Juma'a ka sake tsayawa a gaban shaidu."

"Na sani. Wata biyu na yi ina koya wa ta farko."

"Yanzu kuwa kwana takwas gare ka. Allah ya ba da sa'a, bawana. Je ka kwashe gawar, gobe da hantsi motoci suna ƙofarku."

Da ya koma masaƙa bayan la'asar, ya tarar Likita ta sa an fara janye baƙar lakar zuwa filin shanya. Ta ce masa ya shigo ɗakin gwaji, akwai abin da za ta nuna masa. A ƙarƙashin tebur, bayan kwalaye, akwai manyan robobi huɗu, kowace da ɗan siririn tiyo a ciki yana fitar da ƙwayoyin iska daga wani ƙaramin inji irin na masu kiwon kifin ado. A cikinsu laka ce mai launin ƙasa. Ya durƙusa ya shanshana. Ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko.

"Tun ranar da aka rufe masaƙa na ɗiba," in ji ta. "Cokali biyu na sukari nake ba kowace, da kofin ruwan rini daga tanki na farko, don kada su manta da aikinsu."

"Da wace moɗa kika ɗiba?"

"Da taka, Baba. Kana salla."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Da na faɗa, da ka ce in mayar."

Bai musa ba. Roba huɗu ba za su wanke ruwan masaƙa ba, amma a cikinsu akwai zuriyar da ta saba da rini, wadda za ta yaɗu a cikin baƙuwar laka idan an ba ta lokaci.

Kashegari motocin Dogo suka zo ɗaya bayan ɗaya suka juye. Aka tayar da injunan iska duka biyu. Mai Kwalba ya ɗauki robar farko, ya yi bisimilla zai juye, sai ya tsaya, ya miƙa wa Likita. Ita ta juye duka huɗun. Daga nan suka shiga aikin haƙuri. A tanki na farko akwai sauran ruwan rini da ya rage tun kafin rufewa. Shi suke sakin kaɗan-kaɗan, yau kwata, jibi rabi. Shi yana auna kwanciyar laka da kwalba, ita tana duba ɗigo a madubi, ba wanda yake ƙara ko ludayi sai ɗayan ya yarda. Rana ta huɗu lakar ta yi kumfa suka ja baya. Rana ta shida ta kira shi ya sa ido a madubin, karo na farko a rayuwarsa. Ya ga wasu 'yan halittu masu kama da ƙararrawa a kan tsinke, suna kaɗa gashin bakinsu suna jawo abinci, ba su san ana kallonsu ba. Ya ɗago ya yi tasbihi, ya sake sunkuyawa.

Safiyar buɗewa manaja ya zo da kansa, ya tsaya a kan gada da takalminsa mai sheƙi. Mai Kwalba ya cika kwalba ya ajiye a bango. Suka jira har rabin sa'a ta cika. Lakar ta kwanta, amma a zane na biyar, ba na uku ba. Ruwan da ke samanta ya washe, sai dai da ɗan hazo. Ana ganin yatsa ta bayansa, ba a ganin zanen yatsan.

"To, Baba? In ce a tayar da injuna?"

Mai Kwalba ya san cewa in ya ce a tayar, ba wanda zai ja da shi. Ya dubi kwalbar, ya dubi Likita.

"Rabi, ranka ya daɗe. Za ta ɗauki ruwan rabin masaƙa. In aka sakar mata duka, za ta sake mutuwa. Sauran rabin sai bayan mako guda, in Allah ya yarda."

"Mutum ɗari biyu ke nan za su ƙara mako a gida. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu ni ne. Na rubuta a littafi, da adadin duron da ranar."

Manaja ya buɗe littafin aiki ya karanta. A ƙarƙashin layin da aka rubuta an ciyar, an ƙara da sabon biro: duro uku, da hannuna, ba da shawarar kowa ba. Ya rufe littafin, ya sauka daga gada, ya ba da umarni a tayar da ɗakin wanki da rabin ɗakin rini.

Waɗanda aka mayar gida sun wuce ta bayan masaƙa da yamma, wasu suka yi masa sannu, wasu suka kawar da kai. Ya amsa wa masu sannu, bai bi masu kawar da kai da kallo ba. Bayan kwana bakwai lakar ta sauko zane na uku, aka buɗe sauran rabin.

Ya ƙara shekara biyu a kan gadar kafin ya ajiye aiki. A shekarun nan biyu akwai moɗa biyu a rataye a jikin bango, ɗaya mariƙinta ya ɗan fi gajarta. A taron dangi kuwa, idan hira ta biyo ta kan ruwa, Dogo yakan ɗaga yatsa biyu na hannun dama ya ce mutuwar lakarsa ke nan, ya ɗaga ɗaya na hagu ya ce ta lakar bawansa, amma ita wannan ɗayar da sukari aka yi ta. Mai Kwalba yakan ce haka ne, ya ci gaba da jan carbinsa.

Tsarki ya tabbata ga wanda ya san adadin abin da ke cikin ɗigo guda, ya kuma ƙaddara wa kowannensu abincinsa da awo.